Shekarar da Na Ƙi Cire Layukan Tabbatarwa

Nafisa, Abdulkarim, Maryama, na daɗe ina jin labarin da ake ba ku cewa mahaifinku ne ya raba ni da aikin kamfani, ya hana ni tafiya Faransa. Gwaggonku Zinatu ce ta fara faɗar haka, kuma ba da mugun nufi ba. Abin da idonta ya gani ke nan: matar yayanta tana fita da jaka kowace safiya kamar ma'aikaciyar banki, sai aka wayi gari tana zaune a wani ɗan ɗaki a saman shagon mijinta a kasuwar Adjamé, a nan Abidjan. Mahaifinku bai taɓa musantawa ba, don shi ba mutum ne mai neman a wanke shi ba. Yanzu ma da nake wannan rubutu yana can tsakar gida da rediyonsa, ya ce in bar maganar, ta wuce. Ni kuwa ba zan bar ta ba, domin ba haka aka yi ba.

A lokacin muna zaune a Belleville, cikin Treichville, a gidan da Inna, mahaifiyar babanku, take da ɗakin ƙofa. Nafisa ta shiga makaranta, Abdulkarim bai daɗe da fara tafiya ba, Maryama ba a haife ki ba tukuna. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke kusa da tashar jiragen ruwa, muna rubuta manhajar kwamfuta, wato umarnin da ake jera wa kwamfuta layi bayan layi don ta yi wani aiki. Mai kamfanin muna ce masa Mushe Kofi, wato Malam Kofi da Faransanci, dogon mutum mai son dariya, kuma shi ya ɗauke ni aiki a zamanin da wasu ke kallon mayafina su ce gurbin ya cika. Ina so ku riƙe wannan, don kada ku karanta abin da ke tafe ku ɗauke shi mugu. A wannan shekara ya sa sunana cikin waɗanda za a tura Faransa ƙaro ilimi, kuma duk unguwa ta sani. Babanku ya fi ni murna. Tun ba a sa rana ba ya shiga wajen masu gwanjo ya sayo mini wata katuwar rigar sanyi, wadda da na gwada ta a zafin Abidjan sai da Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Babban aikinmu na shekarar na wani asibiti ne mai zaman kansa a Adjamé, na wata dattijuwar likita, Dakta Awa. Ta sayo injin gwajin jini, irin wanda ake jera ƙananan kwalabe a kan faranti mai juyawa, kowace kwalba a gurbinta mai lamba. Kafin mu zo, ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce ke kwafe sakamako da hannu. Aikinmu shi ne mu haɗa injin da kwamfuta ta waya, manhaja ta karɓi sakamakon, ta ɗora shi a kan sunan mai jinin, ta buga takarda. Ni ce ke kula da aikin, tare da abokin aikina Serge, wanda hannunsa ya fi nawa sauri a rubutu.

A nan sai na yi muku ɗan bayani, don a kansa komai ya rataya. Duk mai rubuta manhaja yana ɗaukar wasu abubuwa a matsayin gaskiya ba tare da ya faɗa ba. Mu mun ɗauka cewa injin zai aiko da sakamako bi da bi, kamar yadda aka jera kwalaben, domin haka littafin injin ya nuna. Saboda haka manhajarmu takan karɓi sakamako ta ba wanda ke kan gaba a jerin majinyata, ta karɓi na biye ta ba na biye. To, akwai wani irin layi da muke kira asarsiyon da Faransanci, ni kuwa nake ce masa layin tabbatarwa. A cikinsa kake rubuta abin da ka ɗauka ɗin a fili. Na rubuta cewa a wannan wuri dole lambar gurbin da injin ya aiko ta zama daidai da lambar gurbin mutumin da ke kan gaba. Idan hakan ne, manhaja ta wuce abinta, ba wanda zai san layin yana nan. Idan ba hakan ba ne, sai ta tsaya cak, ta faɗi inda ta tsaya. Ba don kuskuren mai danna madanni ake sa shi ba, wannan da yadda ake tarar sa daban. Don namu kuskuren ne, mu masu rubutawa, don abin da muka yi zato kuma zaton bai zama gaskiya ba. Ni na saba da watsa irin waɗannan layuka ko'ina cikin aikina, har Serge yakan ce rubutuna kamar hanyar Bouaké yake, ko'ina shingen 'yan sanda.

A ofis mun gwada manhajar har mun gaji, ba ta taɓa tsayawa ba. A asibiti kuwa, lokacin da muke gwaji a gefe ana ci gaba da kwafe da hannu, ta tsaya mana jefi-jefi. Kuma lambar da injin ya aiko a duk lokacin wata lamba ce da ba ta cikin guraben farantin sam. Mushe Kofi ya ce waya ce. Doguwa ce, ta bi ta bayan firiji, wutar unguwar kuma ba ta da tabbas, don haka wani lokaci shirme ke shigowa. Maganarsa ba ta rasa hujja ba, mun taɓa ganin haka a wani aiki. Muka canja wayar, muka sa ranar nuna wa Dakta Awa.

A ranar nunin ne abin ya faru a gabanta. Takardu suna fitowa tiryan-tiryan, tana gyaɗa kai, sai allon ya tsaya da rubutun nan namu wanda ba mai fahimtarsa sai mu. Mushe Kofi ya yi dariya, ya ce kwamfuta ta ji kunyar manyan baƙi, ya kashe ya kunna. Dakta Awa ta dube ni ta saman gilashinta. A mota, muna kan gada za mu koma Treichville, ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Madam Sani, gobe ki kashe layukan nan duka. Kin san ƙa'ida, na lokacin gwaji ne. Idan za a miƙa kaya ana kashe su."

"Na sani, Mushe. Amma wannan bai gama gaya mana abin da yake son gaya mana ba. Idan na kashe shi ban san wa za a ba sakamakon wa ba."

"Waya ce."

"Mun canja wayar."

"To wuta ce. Ranar Litinin ake fara aiki da shi, na riga na ba da magana. Ba zan sake tsayawa gaban abokin ciniki allo ya mutu a fuskata ba."

Gaskiya ya faɗa game da ƙa'ida, yawancin kamfanoni haka suke yi, kuma akwai dalili: manhajar da ke tsayawa a hannun mai amfani tana zubar da mutunci, wani lokaci ma tana ɓata aikin da ke hannu. Da a ce manhajar buga katin biki ce, da ban ƙara magana ba. Amma na yi ta tunanin takardar da za ta fito tsaf, da hatimi, da sunan mutum a sama, alhali lambobin da ke ƙasa na wani ne.

Ranar Lahadi da hantsi muna zaune a tsakar gida, Inna tana tsince shinkafa, babanku yana goge takalminsa, na ba su labari. Inna ba ta bari na kai ƙarshe ba.

"Dije, shi ya ɗauke ki aiki ko ke kika ɗauke shi? Mutumin da zai kai ki ƙasar Turawa shi za ki yi wa gardama? Ki yi abin da ya ce, alhaki yana wuyansa."

"Inna, ni na rubuta, ni na san abin da ke ciki."

"Kin fi shi sani ne?"

"Ban fi shi ba. Shi ma bai sani ba, ni ma ban sani ba. Abin da ya dame ni ke nan."

Babanku ya ajiye takalmin. Shi ba ya taɓa kwamfuta, har yau ma sai Maryama ta buɗe masa saƙo a waya, amma tambayar da ya yi ita ce tambayar.

"Idan aka cire layin, matsalar ta tafi?"

"A'a, Malam. Sai dai ba za a ƙara ganinta ba."

Ya juya ya kalli Abdulkarim da ke bin kaza.

"Ni dai ina son ki je Faransa, kin sani. Na riga na gaya wa kowa a layinmu. Amma ba ni zan zauna gaban allon ba, ke ce. Ba zan ce miki ki yi ba, ba zan ce ki bari ba. Abin da kika zaɓa, ki zo gida ki same mu, abinci dai ba za mu rasa ba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar, daga farko har ƙarshe. Inna ta ce duk mun haɗa baki, ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki.

Washegari da sassafe na hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Adjamé, da niyyar in sake duba wayar kafin Mushe Kofi ya iso. Ban kashe layukan ba, kuma ina shirin gaya masa haka idan ya zo. Sai Dakta Awa ta riga shi shigowa ɗakin gwajin. Ta ja kujera ta zauna kusa da ni.

"'Yata, ranar nan me ya tsayar da shi? Kar ki ce mini kunya ce."

Na san idan na amsa, na tsallake maigidana na yi magana da abokin cinikinsa. Na kuma san ba zan iya ce mata babu wata matsala ba. Na gaya mata cewa manhajar ta ga lambar da ba ta yi tsammani ba, ta ƙi ci gaba don kada ta ɗora sakamako a kan sunan da ba shi ba, kuma har yanzu ba mu gano dalili ba.

"Da ke ce ni, za ki fara aiki da shi yau?"

"Ba zan fara ba, Dakta."

Ta miƙe, ta ce a ci gaba da kwafe da hannu har sai an gano. Da Mushe Kofi ya iso ta gaya masa da kanta, cikin ladabi, a gabana. Bai ɗaga murya ba, ko a mota bai yi ba. Da muka isa ofis ya kira ni, ya ce daga yau Serge ne ke riƙe da aikin asibiti, kuma Serge ne zai tafi Faransa.

"Ba don layukan ba ne," in ji shi. "Da kin zo kin ce mini kin ƙi, da mun yi faɗa mun gama. Amma kin sa na zama maƙaryaci a gaban matar da ta yarda da ni. Wanda zan tura da sunan kamfanina sai wanda na san ba zai yi mini haka ba."

Na ce na ji. Na roƙe shi abu ɗaya, ya bar ni in riƙa zama a ɗakin gwajin da safe har a gano matsalar. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce in yi yadda na ga dama.

Haka na yi ta zuwa ina zama a kusurwa, kwamfuta a gabana tana gwaji a gefe, ba abin da nake yi sai kallo. Ta taga ana jin masu amalanke suna ihun a ba su hanya, ƙamshin aloko, soyayyar ayaba, yana shigowa daga bakin titi. Madam Odette, ma'aikaciyar ɗakin, ta saba da ni har tana raba mini burodinta. Kwanaki suka wuce manhajar ba ta tsaya ba, har na fara tambayar kaina ko wutar ce da gaske, ko na zubar da Faransa a banza. Sai wata safiya, farantin yana tsakar juyawa, wata nas ta shigo da sauri da kwalba a hannu, ta ce ta wata jaririya ce da aka kawo tana suma, likita na jira. Madam Odette ta buɗe wani ɗan murfi a gefen injin, wanda ban taɓa lura da shi ba, ta sa kwalbar a ciki. Injin ya dakatar da jerin, ya gwada ta gaggawar, ya aiko da sakamakonta. A take allona ya tsaya, da baƙuwar lambar nan.

Gurbin gaggawa ne. Yana da tasa lambar, kuma littafin da aka ba mu bai faɗi cewa sakamakonsa yana kutsowa tsakiyar jeri ba. A ofis ba mu taɓa gwada shi ba, don ba mu san ana yi ba. Na kira Serge ya zo, muka kashe layukan a kwamfutar gwaji don mu ga abin da da zai faru, Madam Odette ta sake mana yadda aka yi. Manhajar ba ta tsaya ba. Ta ɗora sakamakon jaririyar a kan sunan wani dattijo, ta ba matar da ke bayansa nasa, haka kowa ya karɓi na wanda ke gabansa har ƙarshen farantin. Takardun suka fito fes. Serge ya riƙe su yana kallo.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Muka sa manhajar ta daina dogara da jeri, ta riƙa neman mai jini da lambar gurbinsa, ta kuma san gurbin gaggawa. Layukan tabbatarwa muka bar su a kunne, amma na ɗauki wani abu daga ƙorafin Mushe Kofi: maimakon allo ya mutu da rubutun da ba mai ganewa, sai muka sa ya riƙe bugawa, ya rubuta da Faransanci mai sauƙi cewa kada a ba da wannan sakamako, a kira mu. Serge ne ya kai wa Mushe Kofi takardun nan. Ya gaya mini Mushe Kofi ya daɗe yana dubansu, sannan ya ce a miƙa gyararren. Bai kira ni ba, ni ma ban je ba. A ganinsa matsalar manhaja daban, abin da na yi masa daban, kuma bai canja ra'ayi ba.

Serge ya tafi Faransa, na raka shi da rigar sanyin, ta yi masa daidai. Ni kuwa aka mayar da ni kan gyaran tsofaffin ayyuka, ana gaisawa da ni kamar baƙuwa. Da damina ta wuce na ajiye aiki da kaina. A ranar na wuce shagon babanku, yana auna wa wata mata atamfa, na ce masa na bari. Ya gama yankan, ya naɗe mata, sannan ya ce ɗakin sama cike yake da dilolin da ba sa tafiya, idan na so a kwashe su. Inna ta yi kwanaki ba ta yi mini doguwar magana ba. Ranar da aka hau da tebur da kwamfuta sai ga ta da kwanon tuwo da miyar kuka, ta hau matattakalar nan mai tsayi tana haki, ta duba ɗakin, ta ce labulen bai yi ba, za ta kawo wani.

Dakta Awa ce ta fara turo mini masu kantin magani, su kuma suka turo wasu. Ba zan ce muku ban ji zafin abin ba. Lokacin da Serge ya dawo ya zama babba a wani kamfanin waya, na gan shi a talabijin, na tashi na shiga kicin na daɗe ban fito ba. Ban taɓa riƙe babban aiki ba, sunana bai wuce Adjamé da Treichville ba. Amma a ɗakin nan kuka yi aikin gida na makaranta, a nan Maryama ta yi rarrafe a ƙarƙashin tebur, kuma kusan kullum ni da babanku muke cin abincin rana tare a bayan kantar shagon. Matasan da suka koyi aiki a wurina, maza da mata, duk sun san ba na karɓar rubutun da bai faɗi abin da ya ɗauka ba. Wasu sukan yi gunaguni da farko, sai ranar da layin ya kama musu wani abu, su zo suna nuna mini kamar sun tsinci zinariya.

Bara na je gwajin sukari a wani asibiti a Treichville, ina zaune a benci sai wani tsoho mai sanda ya zauna kusa da ni. Sai da ya yi dariya da nas na gane shi, Mushe Kofi ne. Gashinsa ya yi fari tas, ya rame, ya ce ya sayar da kamfanin tuntuni, yanzu jikoki ke wahalar da shi. Ya tambayi babanku, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya, har sunan Nafisa ya tuna. Muka yi ta hira kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu, sai can ya kawo maganar da kansa.

"Madam Sani, har yau ina ganin da ni ya kamata ki fara gaya wa."

"Ita ta riga ka zuwa, Mushe, kuma ta tambaye ni."

"Na sani. Da za a sake, haka za ki yi."

"Haka zan yi."

"Ni ma da za a sake, da na cire ki daga jerin." Ya juya sandarsa a hannu. "Amma bayan tafiyarki ban ƙara barin kowa ya kashe layukan nan ba. Yarana suna ce musu shingayen Madam Sani, waɗanda ba su taɓa ganinki ba ma haka suke cewa."

Aka kira sunansa, ya shiga, aka kira nawa. Da muka fito ana yayyafi, ya tsayar da tasi ya ce sai ya sauke ni. Na ce Belleville ba hanyarsa ba ce, ya ce ba ya sauri. A ƙofar gida babanku ya fito da laima, suka gaisa, ya ja shi ciki, aka dafa shayi. Bai tafi ba sai bayan la'asar.